Ku Tambayi Baba Fasto: "Shekara 11 ban ɗauki Jibin Ubangiji ba"

Salama gare ku, masu karatu. Wasiƙu uku na zaɓo a wannan wata. Waɗanda suka aiko su ba su san juna ba, garuruwansu ma ba ɗaya ba ne, amma kalma guda ce take ci musu tuwo a ƙwarya, wato cancanta. Kamar yadda muka saba, na ɓoye sunayensu, na kuma rage tsawon wasiƙun.

TAMBAYA: Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni matar aure ce, 'ya'yana huɗu, hatsi nake sayarwa a kasuwa. Ina 'yar shekara 19 na yi ciki ba aure. Dattawan ikkilisiya suka sa ni a horo, aka cire ni daga cikin mawaƙa, na zauna a bencin baya shekara guda da 'yan watanni. Daga baya aka karɓe ni a gaban jama'a, wanda ya yi cikin kuma ya aure ni, yaron ma ya kusa gama firamare. Amma tun daga ranar, shekara 11 ke nan, ban sake ɗaukar Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a coci don tunawa da mutuwar Yesu. Da fasto ya karanta wurin da aka ce wanda ya ci da rashin cancanta ya jawo wa kansa hukunci, sai gabana ya faɗi, in saɓi jaririna in yi waje kamar shi ne ya dame ni. Maigidana yana ci, shi ko a jikinsa. Ina ba da baiko a coci, ina share majami'a ranar Asabar, ba na fashin Zumuntar Mata, ina ta jira in ji a raina cewa na isa. Har yau ban ji ba. Baba, yaushe mutum yake sanin ya cancanta?
Wata uwa daga Kudancin Kaduna

AMSA: 'Yata, ranar da kike jira ba za ta zo ba, gara in gaya miki tun daga farko. Shekarata 74, na yi sama da 40 ina gutsuttsura gurasar nan da hannuna ina miƙa wa mutane, kuma ban taɓa tsayawa a bayan teburin na ji na isa ba, ko sau ɗaya. Da jin isa ne sharaɗin, da tuni an naɗe farin ƙyallen an ajiye a akwati.

Mu fara da ayar da take korar ki. Tana cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 11, aya ta 27 zuwa ta 29. Mu fastoci muna da laifi a nan, don mun saba fara karatu daga aya ta 23, mu tsallake abin da ya sa Bulus ya ɗaga murya. Ki koma aya ta 17 ki karanto a hankali. A Koranti ta wancan zamani babu ginin coci, a gidan wani mai hali ake taruwa, Jibin kuwa abinci ne sosai, ba ɗan gutsuren burodi da ƙaramin kofi irin namu na yau ba. Masu hannu da shuni kan riga kowa buɗe kwanukansu, su ci su yi nak, wani har ya bugu, talaka kuwa yana gefe da yunwa yana haɗiyar yawu. Bulus ya tambaye su ko ba su da gidajen da za su ci su sha a ciki, ko kuwa raina ikkilisiyar Allah suke yi, suna kunyata marasa shi. Wannan shi ne cin rashin cancanta da yake faɗa: ka zauna a teburin da ya mai da mu jiki ɗaya, kana wulaƙanta wani sashe na jikin. Kalmar da ya yi amfani da ita a Helenanci tana bayyana yadda ake cin ne, ba ta auna mai cin ba. Shi ya sa maganin da ya ba su a aya ta 33 ɗan gajere ne: in kun taru, ku jira juna. Ki kuma lura da aya ta 28, wadda ta ce mutum ya bincika kansa, sa'an nan ya ci gurasar ya sha ƙoƙon. Binciken a ci yake ƙarewa. Ba a ce ya bincika kansa ya fita waje ba.

Su wa ma aka fara ba gurasar nan? A daren da aka bashe shi, Yesu ya miƙa ta ga Bitrus, yana sane sarai cewa kafin zakara ya yi cara zai yi musun saninsa sau uku. Luka ya ce a wurin cin abincin nan ne ma gardama ta tashi tsakanin almajiran a kan wane ne babba. Markus ya ce da aka kama shi, dukansu suka watse suka bar shi. Waɗannan ne baƙin farko a teburin da kike jin ya fi ƙarfinki.

Akwai wani labari a Luka sura 7 da nake so ki zauna da shi. Wani hafsan sojan Roma a Kafarnahum, bawansa na kwance rai a hannun Allah. Ya aiki dattawan Yahudawa wurin Yesu. Da suka isa, sai suka shiga yi masa shaida: ya cancanci ka yi masa wannan, yana ƙaunar al'ummarmu, shi ne ma ya gina mana majami'a. Haka mutane suke lissafi, har gobe. Wane ya sa wa coci kwano, wane ya sayi janareta, to, ya cancanta. Yesu ya bi su. Amma da suka yi kusa da gidan, sai ga saƙo na biyu daga bakin mutumin da kansa: Ubangiji, kada ka wahalar da kanka, ban isa ka shiga gidana ba, ban ma ga na cancanci zuwa wurinka ba, ka yi magana kawai, yarona zai warke. Dattawa sun ce ya cancanta, shi ya ce bai cancanta ba, kuma maganarsa ce ta ba Yesu mamaki, har ya juya ya gaya wa taron cewa ko a Isra'ila bai ga bangaskiya irin wannan ba. Abin da nake so ki gani shi ne, mutumin nan bai ce "ban isa ba" ya yi shiru ya bar bawansa ya mutu ba. Da bakin da ya ce bai isa ba, da shi ya roƙa. 'Yan'uwanmu Katolika kalmomin sojan nan suke furtawa a kowace sujadarsu, dab da za su tashi su karɓa. Angalika kuma suna da wata addu'a da aka rubuta a Ingila tun 1548, wadda take cewa ba mu isa mu tsince ko ɓarɓashin da ke ƙarƙashin teburinsa ba, su ma da sun gama faɗinta sai su matso su durƙusa su miƙa hannu. Abin da kike faɗa a zuci kina fita da shi, shi ne abin da miliyoyin Kirista suke faɗa da baki suna shigowa.

Ina jin na san inda gizo yake saƙa. Kalmar da aka zaɓa mana don kyautar da Allah yake yi wa marasa cancanta, tun a Littafi Mai Tsarki na Hausa na farko, wanda ya fito cikakke a 1932 bayan Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa sun shafe shekaru a kansa, ita ce alheri. Kalma ce mai daɗi, amma ta zo mana da kayanta. Mu a wurinmu alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, wanda ya yi shi yana sa rai wata rana zai tsince shi a gaba. Mahaifiyata, in maƙwabciya ta aiko mana da tuwo, ba ta taɓa mai da kwano haka nan ba. Ko gyaɗa ce sai ta zuba a ciki, ta kuma ba yaron da ya kawo tukuici. Ke ma kin sani, wadda ta yi miki gudunmawa ranar sunan ɗanki, lissafin yana kanki har ranar nata, ki mayar har da ɗori. Tarbiyya ce mai kyau, ita ta riƙe mana zumunci, ba na kushe ta. Amma mun ɗauke ta mun kai gaban Allah, a nan kuwa ba ta da wurin zama. Tsintsiyar ranar Asabar, da baikon, da rashin fashin Zumunta, duk abubuwa ne masu kyau, Allah ya sa albarka. Tsorona kawai kada ya zama gyaɗar da kike tarawa ce don ki mai da kwanon, sa'an nan ki yarda ki ci tuwon. Bulus ya gaya wa Romawa cewa ladan ma'aikaci ba kyauta ba ce, hakkinsa ne, ya kuma ce in da aiki ake samunsa, to, alherin ya tashi daga alheri. Ya ce musu tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Tun muna, 'yata. Ba a jira mun yi wanka ba. Mu ne fa kullum a addu'a muke cewa "ba don halinmu ba, ba don mun isa ba", amma da an shafa sai mu koma auna halin da mudu.

Karanta littafin Sama'ila na biyu, sura 9. Mefiboshet ɗan Yonatan, jikan Sarki Saul, yana ɗan shekara 5 labari ya zo cewa ubansa da kakansa sun mutu a yaƙi. Mai renonsa ta ɗauke shi za ta gudu, garin sauri ya faɗi, ya gurgunce. Ya girma a gidan wani a Lodebar, nesa da fada, jikan sarkin da ya yi ta farautar ran Dauda. Rana ɗaya aka ce Sarki Dauda na kiransa. Ki sa kanki a matsayinsa a kan hanyar nan, me zai yi tsammani in ba takobi ba? Dauda ya ce masa kada ya ji tsoro, zai mayar masa da dukan gonakin kakansa, kuma a teburin sarki zai riƙa ci kullum. Mefiboshet ya faɗi ƙasa ya ce, wane ne baranka da za ka dubi mataccen kare irina? Dauda bai tsaya gardama da shi ba, bai ce masa "a'a, ai kai ma mutumin kirki ne" ba. Juyawa ya yi ya kira Ziba, baran gidan Saul, ya ba shi umarnin gonakin. Gama tun farko ba don Mefiboshet aka yi ba, don Yonatan ne, abokin Dauda, saboda alkawarin da suka ƙulla a kan zuriyar Yonatan tun da daɗewa. Sau huɗu surar ta maimaita cewa a teburin sarki yake ci, kuma maganarta ta ƙarshe ita ce gurgu ne a ƙafafunsa biyu. Ƙafafun ba su miƙe ba, da su ya zauna ya ci.

Zan gaya miki abin da ya sa wasiƙarki ta hana ni barci. A ƙauyen da na fara aikin fasto, ina ɗan shekara 30 da 'yan kai, akwai wata gwauruwa da aka sa a horo saboda dafa burkutu. Da shi take ciyar da marayunta. Ta bari, ta koma yin daddawa, dattawa suka karɓe ta, ni na yi mata addu'a a gaban jama'a. Amma ba ta tashi daga bencin baya ba, kuma duk ranar Jibi sai ta sulale kafin a buɗe ƙyallen. Ina ganinta daga kan bagade. Na ce a raina tawali'u ne, har ina yaba mata. Shekara huɗu ana haka, ta kwanta ciwo ta rasu. Bayan an binne ta, 'yarta ta gaya mini cewa ta sha tambayar uwar me ya sa ba ta ci, amsarta kullum ɗaya ce: "Fasto bai ce in zo ba." Gidanta bai fi tafiyar minti goma daga nawa ba. Na iya yanke hukunci a gaban taro, amma ban iya takawa in ce mata "Inna, wurinki yana nan" ba. Na roƙi Allah gafara a kan wannan, na kuma gaskata ya yafe mini, amma tun daga ranar ban ƙara barin wanda aka karɓa ya koma gida ba tare da na gaya masa da bakina ba. To ke ma ina gaya miki: ki zo.

Binciken kai da aka umarta, ga shi. Akwai wata a ikkilisiya da kike gaba da ita, ko wadda kike gani ba ta kai ki zauna kusa da ita ba? Je ki ku shirya tukuna, haka Yesu ya ce a Matiyu sura 5. Akwai wani zunubi da kike ciki yanzu, kin san shi, kin ƙi saki? Ki sake shi. Amma abin da ya faru kina 'yar shekara 19, kin furta shi, kin ɗauki horonsa, ikkilisiya ta karɓe ki, Allah kuwa ya yi alkawari a wasiƙar Yohanna ta fari cewa in mun furta zunubanmu zai gafarta mana ya tsarkake mu. Laifin nan ku biyu kuka yi shi da maigidanki, gafarar da yake ci a kanta ita ce taki, ba a yi wa maza tasu daban ba. Na daɗe ina faɗa a taron fastoci cewa bencin bayan nan ya fi sanin 'yan mata fiye da samarin da suka kai su can, wannan kuwa ba adalci ba ne. Ki lura da yaronki kuma. Ya fara wayo, yana ganin uwarsa tana fita duk wata, kada wata rana ya haɗa lissafi ya ɗauka shi ne abin kunyar. Ki sami fastonku ko matarsa cikin makon nan ki gaya musu abin da kika gaya mini. Ranar Jibi mai zuwa ki ba wata riƙon jaririn.

TAMBAYA: Baba, ni manomi ne, ni ne babba a gidanmu. Shekara 16 ina riƙe da iyayenmu, ni na yi jinyar mahaifinmu har ya rasu. Ƙanena ya sayar da gonar da aka ba shi, ya haɗa da wani yanki na tawa ba da sanina ba, ya tafi Legas, shekara 9 ba ko gaisuwa. Bara ya dawo hannu rabbana, ya tsaya a coci ya ce ya tuba. Mata suka yi ta guɗa, Mama ta sa aka yanka rago. Ni ko tattabara ba a taɓa yanka mini ba. Yanzu kowa wa'azin ɗa ɓatacce yake yi mini. In alherin Allah na marasa cancanta ne, ashe mu da muka tsaya mun yi aikin banza ke nan?
Wani magidanci daga Jihar Gombe

AMSA: Ɗana, sannu da ɗawainiya. Shekara 16 ba kwana 16 ba ne, kuma wanda bai taɓa kwana a gefen tabarmar tsoho mai ciwo ba, ba zai san abin da ka yi ba. In ba wanda ya taɓa ce maka na gode, to, an yi maka ba daidai ba, kuma ba laifi ba ne ka gaya wa Mama haka cikin ladabi.

Masu yi maka wa'azin ɗa ɓatacce a rabi suke tsayawa. Labarin, a Luka sura 15, na 'ya'ya biyu ne: ƙaramin ya ɓatar da gādonsa ya dawo, uban ya yi masa biki, wan ya yi fushi ya ƙi shiga. Yesu ya ba da shi ne ga Farisiyawa da malaman Attaura da suke gunaguni don yana cin abinci da masu zunubi, wato ga masu kama da wan. Maganarka ma kusan tasa ce, shi ɗan akuya ya ce ba a taɓa ba shi ba. Dubi abin da uban ya yi. Ya bar kiɗa da baƙi a cikin gida, ya fita waje wurin babban ɗansa yana rarrashinsa, kamar yadda ya fita da gudu ya taryi ƙaramin. Bai ce masa ka yi ƙarya ba. Ya ce, ɗana, kullum kana tare da ni, duk abin da nake da shi naka ne. Abin da ya ɓata wa wan lissafi shi ne yadda ya kwatanta shekarunsa, ya ce bauta yake yi wa uban. Ƙaramin ya dawo da niyyar roƙon a mai da shi ɗan ƙwadago, babban kuwa ashe tun tuni ɗan ƙwadago ya ɗauki kansa a gidan ubansa. Uban bai yarda da ko ɗaya ba.

Kai manomi ne, za ka fi ni jin zafin misalin da ke Matiyu sura 20. Mai gona ya ɗauki ma'aikata da sassafe a kan dinari guda, ladan yini. Ya ƙara ɗaukar wasu da hantsi, da tsakar rana, da azahar, har da wasu da ya tarar saura sa'a ɗaya a tashi, waɗanda suka ce ba wanda ya ɗauke su. Da yamma ya ba kowa dinari. Na safe suka yi gunaguni, sun sha rana. Ya ce wa ɗayansu, abokina, ban cuce ka ba, ba a kan dinari muka shirya ba? Ko haushi kake ji don na yi alheri? Na daɗe ina jin labarin nan yana sukata, sai da na tambayi kaina wa ya gaya mini cewa ni na safe ne. Kuma ko da na safen ne, wanda ya wuni a gona ya san yaransa za su ci da dare, wanda ya wuni a bakin kasuwa kuwa da fargaba ya wuni. Kai ka ji maganar mahaifinku ta ƙarshe, ka karɓi albarkarsa, ka sa shi a kabari da hannunka. Ƙanenka ba zai taɓa samun wannan ba, ko raguna nawa aka yanka masa. Lafiyar da ka yi noman da ita, da zuciyar da ta hana ka gudu, su ma ba ka saye su ba. Bulus, wanda ya ce bai isa a kira shi manzo ba don ya tsananta wa ikkilisiya, a wuri guda ya ce ya fi sauran manzanni aiki, sa'an nan ya gyara ya ce ba shi ba ne, alherin Allah ne da ke tare da shi.

Amma maganar gona daban ce, kada kowa ya rufe maka baki da aya. Gafarar Allah ba ta share hakkin mutum. Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, da Yesu ya shiga gidansa, tashi ya yi ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ba da wannan ya sayi ziyarar ba, Yesu ya riga ya shigo, amma tuban gaskiya haka yake fitowa. Ka kira dattawan dangi da fasto, a zauna, a faɗi girman yankin da aka sayar, ƙanenka ya amsa da bakinsa, a shirya yadda zai biya, ko da buhu-buhu ne duk kaka. In daga baya ka ga za ka yafe masa wani abu daga ciki, ya zama kai ka bayar, ba ƙwace maka aka yi ba. Ka dai riƙa cin tuwo tare da shi tun yanzu, kada ka jira sai ya gama biya.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce, a gidan kawuna nake zaune. Sau biyu ina faɗuwa jarrabawar shiga jami'a. Kawu yana yawan ce mini ba ni da amfani. A coci kuma kullum ana addu'a ana cewa mu ƙura ne, mu tsumma ne. Yanzu gani nake Allah ma kallon da Kawu yake yi mini shi yake yi mini. Wani lokaci sai in wuni a kwance, ko abinci ba na iya ci.
Wata ɗaliba daga Jos

AMSA: Jikata, rashin cancanta daban, rashin daraja daban, kuma Littafi bai taɓa haɗa su ba. Inda Ishaya ya yi maganar tsumma, a sura 64, ayyukanmu na adalci yake nufi, wato abin da muke ɗagawa mu yi taƙama da shi a gaban Allah. Bai ce mutum tsumma ne ba. Littafin Farawa ya ce cikin kamannin Allah aka yi ki, tun kafin a ƙirƙiro jarrabawa. Matar da ta ɓatar da tsabar azurfa ɗaya cikin goma, a Luka sura 15, ta kunna fitila ta share ɗaki kaf, don kuɗin da ya faɗa cikin ƙura bai rage ko anini daga darajarsa ba. Yesu ya ce ana sayar da gwarare biyar a kan 'yan kobo biyu, amma Allah bai manta da ko ɗaya ba, ku kuwa kun fi gwarare masu yawa daraja. Kawunki ya yi miki alheri da ya riƙe ki, ki girmama shi, amma a maganar nan ya yi kuskure, ba kuma da bakin Allah ya faɗe ta ba.

Wunin kwanciyar nan da ƙin cin abinci su suka fi damuna. Annabi Iliya ma ya taɓa kai wa nan. A littafin Sarakuna na fari, sura 19, ya zauna a gindin wani itace a jeji ya ce ya isa haka, bai fi kakanninsa ba. Allah bai fara da wa'azi ba. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da butar ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashinsa ya ce ya ci, tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Magana sai daga baya ta biyo. Ke ma daga nan za ki fara. Yau ɗin nan ki gaya wa wata babba da kika amince da ita, matar fasto ko gwaggonki, yadda kike ji, ki roƙe ta ta raka ki asibiti ki ga likita, don irin wannan nauyin zuciya ciwo ne da ake dubawa, ba ƙarancin bangaskiya ba ne. In wani mugun tunani ya taɓa zo miki game da ranki, kada ki kwana da shi ke kaɗai, ki tashi wani ko da tsakar dare ne. Ki sake rubuto mini bayan mako biyu, ki gaya mini wa kika gaya wa, da abin da likita ya ce.